Ina kan bishiya ƙafa 17 amma barewa ta ji warina, ina kuskuren yake?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman masu ilimin daji su sa mini baki, musamman su Baba Maharbi. Wasunku sun san ina jihar Wiskonsin a Amurka, bana ne karo na biyu da na yanki lasin farautar barewa. Babban lokacin bindiga a nan kwana 9 ne, ana buɗewa ranar Asabar kafin bikin godiyarsu na ƙarshen Nuwamba. Wani abokin aikina Bature ne ya ba ni izini a gonarsa can kudu maso yammacin jihar, waje ne mai tuddai da kwaruruka. Su nan yawanci ba bin sawu suke ba, wani tsani ne na ƙarfe mai kujera a samansa ake jinginawa a jikin bishiya a ɗaure tam, ka hau ka zauna shiru kana dako. Nawa ƙafa 17 ne.

Jiya ina idar da la'asar na hau, sanyi kamar zai tsinke yatsu. Ƙarfe 4 saura kaɗan rana ta faɗa bayan tudu, sai ga su guda huɗu sun biyo wata 'yar siririyar hanya da ke gangare ƙasa da ni, kamar taku 70. Wata babbar mace ce a gaba. Wallahi ban motsa ba ko gira ban ɗaga ba, amma tana kawowa saitina ta tsaya cak, ta ɗaga kai sama tana lasar hanci, kunnuwa kamar faifai, ta ɗaga ƙafar gaba ta buga ƙasa sau biyu, sannan ta yi wani irin firji mai ƙarfi kamar doki, ta ɗaga farar wutsiyar nan, kafin in kai bindiga kafaɗa duk sun shige. Ko sau ɗaya ba ta kalli inda nake ba, wato ba ganina ta yi ba, warina ta ji. Alhali na yi wanka da sabulunsu mara ƙamshi, na feshe kayana da maganin kashe wari, kuma an ce mini in kana sama warinka wucewa yake ta saman kansu. Abin ya dame ni sosai, saura kwana kaɗan a rufe.

Abba KD:
Yaya kayi hakuri amma wannan ai ba farauta bace, zaman kujera ne. Mu da muka sani mutum ya shiga daji da karnuka da gora ya sha kaya ya dawo kafa duk kaikayi, kai kuma kana sama kana jira a kawo maka har gida

Injiniya na Minesota:
Abba ka zo ka yi awa 5 a kan wannan kujerar cikin sanyin da ruwa ke daskarewa a gora, ba tari ba motsi, sannan mu yi magana. Baban Ilham ni shekarata ta tara ke nan ina yi. Feshi kaɗai ba ya isa. Ka nemi kaya masu gawayi a ciki irin ScentLok, da takalmin roba dogo, in da hali ka ƙara da na'urar nan Ozonics da ake ratayawa saman kai tana fitar da iskar ozon tana cinye wari. Tun da na fara amfani da ita na ga bambanci. Kuma tambaya, a ina kake ajiye kayan farautar? In a cikin ɗaki ne tare da sauran kaya to magana ta ƙare, don gidan Bahaushe ba ya rabo da turaren wuta da warin daddawa da soyayyar albasa.

Baban Ilham:
Injiniya ka taɓo wani waje. A kabad ɗin falo na rataye su, kuma ranar Juma'a maiɗakina ta turara gidan kamar yadda ta saba. Ban kawo komai a raina ba sai yanzu.

Baba Maharbi:
Wa alaikumus salam. Yarona ne ke rubuta mini, ni ido ya yi rauni. Ɗana kafin ka sayi komai amsa mini abu uku. Kujerar taka a saman tudu take ko a gindinsa? Lokacin da suka zo akwai iska mai kaɗa ganye ko ta kwanta? Sannan da za ka je bishiyar ta ina ka bi, ka tsallaka hanyar tasu ko ba ka tsallaka ba?

Baban Ilham:
Baba barka da dare, Allah ya ƙara lafiya. Kujerar a tsakiyar gangare take, hanyarsu na ƙasa da ni. Da na hau iska na busowa daga yamma tana bugun fuskata, na duba a waya ma haka ta nuna, amma gab da zuwansu ta kwanta ɗif, ko ganye ba ya motsi, ni har murna na yi. Hanya kuwa eh na tsallaka ta, don daga inda na ajiye mota nan ne kusa.

Baba Maharbi:
To ai ka ba kanka amsa. Wannan kwanciyar iskar da ka yi wa murna ita ta tona ka. Iska ba ta taɓa tsayawa ɗana, kai ne dai ba ka jinta. In rana ta faɗi ƙasa ta fara hucewa, iska mai sanyi nauyi gare ta, sai ta riƙa silalowa daga kan tudu zuwa kwari kamar yadda ruwa ke bin gangare, a hankali, ba ta kaɗa ko ciyawa. Kai kana sama da su, to duk abin da ke fita daga jikinka da numfashinka ta kwasa ta kai mata har hanci. Da hantsi kuma in rana ta dafa gangaren sai abin ya juya, iska ta riƙa hawa sama. Shi ya sa mu a duwatsun wajenmu, in dakon yamma ne a mashaya ba ma zama sama da hanyar nama, ƙasa muke zama ko gefe, in na hantsi ne sai mu hau sama. Mahaifina bai taɓa ganin waya ba amma kullum akwai 'yar jakar tsumma cike da toka a wuyansa, ya ɗan girgiza ta ya ga inda tokar ta nufa, kafin ya ƙara taku goma ya sake girgizawa. Na sha ganin ya fasa dakon da muka yi tafiyar rabin yini dominsa, ya ce iska ta ƙi, mu koma. Ina yaro abin na ba ni haushi, sai da na girma na gane gara ka bar wajen da ka koya wa nama cewa akwai mutum a nan.

Kuma dako a kan itace ba Bature ya fara ba, wannan ga Abba nake faɗa. Mun ɗaura itatuwa a reshen tsamiya da kanya mun kwana a kai muna jiran mazo da gada su zo cin 'ya'yan da suka zubo. Masu karnuka farautarsu daban, maharbi tasa daban, kowa da gidansu.

Abba KD:
Allah ya huci zuciyarka Baba, na karbi gyara. Amma har yanzu inaga kayan sunyi yawa, sabulu daban riga daban inji daban, kudin ai sun sayi rago biyu

Injiniya na Minesota:
Baba ya yi gaskiya kan iskar gangare, Turawan ma suna da sunan da suke kiranta kuma duk tsohon maharbinsu da ita yake aiki. Amma ban yarda a ce kayan banza ne ba. Iska a cikin kwari juyawa take kamar guguwa, ba yadda za ka yi ka ce kullum tana gabanka. In ka rage warin, ko ta ji sai ta ɗauka mutumin na nesa ne ko ya daɗe da wucewa, ta ɗan yi jim ta ci gaba, wannan daƙiƙa biyar ɗin ita kake nema.

Baba Maharbi:
Ragewa na yarda Injiniya, kashewa ne ban yarda ba. Mutum na numfashi ko? Yana gumi ko? To ina injin da zai hana wannan. Mu ma muna ragewa, ba ma shafa mai ko turare in za mu shiga, rigar daji ba ta kwana a ɗaki, a rumbu take ko a rataye a inda hayaƙin itace ke bugunta, don nama ya saba da warin ƙonar daji ba ya firgita da shi kamar warin mutum. Amma wanda ya dogara da wannan ya manta iska zai dawo hannu rabbana.

Na Maradi:
Salamu alaikum jama'a. Baba ya hwaɗi gaskiya. Nan wajenmu tsohin mahalba da burtu suka aiki, a sassaƙa itace kamar kan tsuntsun da bakinshi, a ɗaura ga goshi, mutum ya duƙa shina tahiya shina sunkuyar da kai kamar mai kiwo har ya matso kusa ga barewa. Idonta ya ruɗu ta ɗauka tsuntsu na. Amma ko mai burtu ba ya tahowa ta inda iska ka kai warinshi, don burtu ido yaka ruɗi, ba ya ruɗin hanci. Mu dai sauƙinmu lokacin hunturu iska ɗaya ta, daga gabas maso arewa, kuma ƙasa shimhiɗe take, ba irin tuddan ga naku ba. Abin baƙin ciki yanzu barewar ma sai ka yi tahiya kamar Gadabeji inda an ka hana halbi kahin ka ganta. Ku can ƙaƙa an ka yi ba su ƙare ba, ga kowa da bindiga?

Injiniya na Minesota:
Na Maradi ai sun kusa ƙarewa a nan ma. Wajen 1900 saura ƙasa da rabin miliyan a duk ƙasar saboda masu harbi suna kai kasuwa, yanzu ana maganar kusan miliyan 30. Hana sayar da naman daji aka yi, aka sa lokaci, aka ƙayyade adadin da mutum zai harba, sannan a 1937 suka yi doka ta Pittman-Robertson wadda ta sa harajin da ake karɓa kan bindigogi da harsashi yake komawa wajen kula da namun daji. A Wiskonsin duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 sai ya yi kwas na koyon ƙa'idar farauta, kuma in ka harba dole ka yi rajistarta. Ba fitila da dare, ba cinna wa daji wuta. Wannan ne ke ci mini rai in na tuna dazukanmu na Falgore da Kamuku a Najeriya.

Maman Hanif:
Ku yi haƙuri in katse ku, ni ba maharbiya ba ce, nas ce a Pensilbaniya, kuma duk kaka muna karɓar waɗanda suka faɗo daga irin wannan kujerar. Baban Ilham tun ɗazu ake ta maganar wari ban ji ka ambaci ɗamarar tsaro ba. Akwai wani dattijo da aka kawo mana, ya fi shekara 30 yana hawa, ranar yana saukowa da magariba ƙafa ta yi sanyi ta mutu, matakalar akwai ƙanƙara, ya zame. Ƙashin baya ya karye, a ƙasa ya kwana sai da safe ɗansa ya same shi. Har yau ina tuna yadda matarsa ta zauna riƙe da hularsa mai ruwan lemo ta kasa cewa komai. Yawanci ba a zaune ake faɗowa ba, wajen hawa ne da sauka da lokacin da mutum zai taka kujerar. Don Allah ka sa ɗamarar nan mai kama kafaɗu da cinyoyi, ka ɗaura igiya tun daga ƙasa har sama ka maƙala kanka kafin ƙafarka ta bar ƙasa, bindiga kuma a cire harsashi a jawo ta da wata igiyar bayan ka zauna. Kuma ka faɗa wa Maman Ilham takamaiman bishiyar da kake da lokacin da za ka dawo.

Baban Ilham:
Anti na gode ƙwarai. Ina da ɗamarar amma sai na hau nake maƙalawa, igiyar ƙasa ce ba ni da ita. Gobe in sha Allahu kafin in koma zan saya.

Abba KD:
Wai tsaya, hula mai ruwan lemo kuma? Kuna boye wari amma kuna saka kaya mai daukar ido?

Injiniya na Minesota:
Doka ce Abba, lokacin bindiga a Wiskonsin aƙalla rabin kayanka daga ƙugu zuwa sama ya zama ruwan lemo mai haske ko ruwan hoda mai haske, don kada wani maharbin ya ɗauke ka nama. Ita barewar idonta ba ya rarrabe ja da ruwan lemo kamar namu, shuɗi ne take gani sosai, shi ya sa ba a son wandon jins. Motsi take kamawa da wari. Af Baban Ilham, akwai kuma fitsarin macen barewa da ake sayarwa a kwalba, ana ɗigawa kusa da kujera ya jawo namiji tun da Nuwamba lokacin barbararsu ne.

Baban Ilham:
Na gani a shago amma na ji ƙyanƙyami, ga shi a dajin nake la'asar wani lokaci har magariba. Malam Mai Allo in kana kusa, ya hukuncin wannan in ya taɓa kaya? Da kuma wadda ta mutu kafin in sauko in yanka.

Malam Mai Allo:
Ina biye da ku tun farko, muhawara ta yi daɗi. A mazhabar Malikiyya fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne matuƙar ba najasa take ci ba, barewa kuwa halal ce, don haka bai ɓata maka salla. Shafi'iyya su suna ganin najasa ne, in za ka bi liman ko abokai masu wannan fahimtar sai ka kiyaye. Game da harbi, ka yi niyya ka ce Bismillah lokacin da za ka saki harsashi. Asalin maganar hadisin Adiyyu bin Hatim ne da ke Bukhari da Muslim, abin da makami ya huda a ci, abin da ya buge da faɗinsa ya mutu kada a ci, kuma malamanmu na baya sun sanya harsashi cikin mai hudawa. In ka iske ta mutu ta halatta, in ka iske da sauran rai a jikinta wajibi ne ka yanka, kuma kada ka yi sakaci wajen isa gare ta, wuƙarka ta kasance a jikinka ba a mota ba. Amma wannan ba ya nufin ka diro daga bishiya, ka bi maganar Maman Hanif ka sauko a natse. Sannan kada ka harba sai ka tabbata wajen da zai kashe da wuri, wahalar da dabba ba ta halatta ba.

Maman Hanif:
Malam Allah ya saka da alheri. Ƙari kan fitsarin, wasu jihohin kamar Bajiniya sun hana amfani da na ainihi tun 2015 saboda cutar nan mai ramar da barewa da suke kira CWD, sai na haɗawa. Kuma Baban Ilham yankin da kake nan ne aka fara ganin cutar a Wiskonsin a 2002, can ta fi yawa. Ba irin ƙwayar cutar da dafuwa ke kashewa ba ce. Ba a taɓa tabbatar da ta kama mutum ba amma hukumar lafiya ta ce kada a ci wadda gwaji ya nuna tana da ita. Gwajin kyauta ne, kai da ɗan wuya ake kaiwa. Kada ka ba yara sai sakamako ya fito.

Baba Maharbi:
Ka bar fitsarin nan ɗana, ba shi ne matsalarka ba. Abu biyu za ka yi. Ka sauke kujerar ka mai da ita ƙasa da hanyar in dakon yamma za ka yi, ko ka bar ta inda take ka riƙa zuwa da safe ka jira rana ta hau. Na biyu kada ka ƙara taka hanyarsu, ko zagayen zai kai ka rabin awa, ka bi ta cikin rafi in akwai, kada ka riƙa kama rassa da hannu. Waccan uwar da ta yi maka firji ta riga ta san wajen, irinsu su ne masu gadin garke, za ta yi kwanaki tana duban bishiyar nan. Kuma ka nemi abu mara nauyi da za ka riƙa saki kana kallo, toka tana ɓacewa kusa, mu audugar rimi ko ta tumfafiya muke so don ido na iya binta da nisa.

Injiniya na Minesota:
Ikon Allah, Baba ai tumfafiyar suna da 'yar uwarta a nan, tana fitowa a bakin gonaki, kwansonta na fashewa da kaka farar audugar na tashi, kuma ita ɗin dai tsofaffin maharbansu ke cusawa a aljihu. Baban Ilham duba gefen shingen gonar za ka samu busassu. A cire 'ya'yan a bar audugar kawai.

Baban Ilham:
Jama'a na dawo da labari, yau Asabar saura kwana ɗaya a rufe. Ranar Laraba ni da mai gonar muka sauke tsanin muka mai da shi ƙasa da hanyar kusa da wata bishiyar ok da suke zuwa cin 'ya'yanta. Kayan na wanke da hodar bekin soda na shanya a waje, na zuba a roba mai murfi da busasshen ganye, sai na isa gonar nake sawa, takalmin roba ma haka ba na taka gidan mai da shi. Igiyar Anti na ɗaura. Na samu audugar kuwa cike da aljihu.

Abin da na gani da idona shi ya fi ba ni mamaki. Ƙarfe 3 na saki ɗaya ta tafi gabas yadda waya ta ce. Ƙarfe 4 saura kwata rana na ɓuya na saki wata, ta yi kamar taku biyar a miƙe, ta tsaya tana lilo a iska, sai ta juya a hankali ta fara sauka, ta bi gangaren tana shafar saman ciyawa har ta shige rafin da ke bayana. Fuskata ba ta ji komai ba. Na tuna inda nake zaune ranar farko, wato haka warina ya gangara ya sauka daidai kan hanyarsu. Alhamis iska ta juya kudu tana kai wa wajen da suke kwana, na tuna mahaifin Baba na sauko na tafi gida tun ƙarfe 3. Jiya Juma'a ban je ba. Yau ƙarfe 4 da minti 10 biyu suka fito ta sama da ni, ba waccan uwar, suna tafe suna tsintar 'ya'yan itacen hankali kwance, ɗaya ta zo taku 40 ta ba ni gefe. Na yi Bismillah na saki bayan kafaɗa. Ba ta yi taku 30 ba ta faɗi, na cire harsashi na zura bindigar ƙasa na sauko da igiyata, na iske da sauran motsi na yanka. Alhamdulillah. Na yi rajista a waya, kan kuma na kai wajen gwaji, sun ce kamar sati biyu.

Injiniya na Minesota:
Masha Allah, barka! Ka rubuta lamba a jikin ledojin naman kada ya haɗu da wani kafin sakamako. Na'urar dai ina nan kan bakata, baɗi zan kawo maka tawa ka gwada a cikin kwarin.

Na Maradi:
Barka da arziki ɗan uwa, Allah shi sa lahiya lau take.

Baba Maharbi:
Barka ɗana, Allah ya yi albarka. Gobe in za ka koma ɗauko tsanin ka tafi da sauran audugar, ka tsaya a tsohon wajen da hantsi ka saki ka ga inda za ta bi, ka zo ka faɗa mini. Ina so in san ko tuddan can ma sai rana ta yi sama sosai take juyawa kamar namu.